Tumfafiyar Bayan Ɗakin Mma

Ranar sunan ɗan Bintu ina zaune a tabarma, ina kokawa da ƙashin rago da 'yan haƙoran da Allah ya bar mini, sai jikata Nafi, 'yar Abdu, ta zo ta durƙusa a gabana. Rabin maganarta Faransanci ne, rabin kuma wata Hausa ce da aka wanke har ta koɗe, amma na gane abin da take nufi. Ko kaka ma da Mosanci take kira na.

"Yaaba, wai da gaske kai ka tono zinariyar gidanmu na Zango ka cinye kai kaɗai?"

"Amaryata, wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani mana. Har Papa ya sani."

Na ajiye ƙashin. Naman ma ya fita daga raina, kuma kun san ba ƙaramin abu ke raba ni da nama ba.

To tunda kowa ya sani, ni kaɗai aka bari a duhu, sai ku matso. Kai Abdu, ke Bintu, kai Isufu, da ku nake. Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, malaminmu da muke kira Mushe ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba baram-baram ba. Ku kuwa kun yi karatu har gilashi ya hau muku ido, amma cikinku ba a sami mutum ɗaya da ya tambayi kansa ba: tsohon da ya ci tukunyar zinariya, me ya zaunar da shi gidan haya a unguwar Wemtenga, yana gyaran ƙananan baburan nan mobilet har bayansa ya lanƙwashe? Zinariyar a ina ta fito mini, a wuya ko a tumbi? Na yi shiru shekaru masu yawa saboda alkawarin da na yi wa mahaifiyarku. Mma ta riga mu gidan gaskiya, kuma kafin ta tafi ta kwance mini baki. Yanzu za ku ji, ko kuna so ko ba kwa so.

Amma sai na fara koya muku itace tukuna, don ba ku san kowane tsiro ba sai wanda ake sayarwa a tukunya a bakin titi. Tumfafiya ba ta da masoyi. Ba wanda ke shuka ta, ba wanda ke ba ta ruwa. Inda ƙasa ta gaji, inda gari ya tashi ya bar kufai, kan juji, gefen maƙabarta, nan take zama. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, toka-toka kamar an barbaɗa masa gari. Tsakiyar rani, lokacin da kowane itace ya tuɓe, ita tana nan da rigarta, har da furenta gungu-gungu, fari da shunayya a bakinsa. Ɗanta kamar ɗanyen mangwaro, ka matsa shi ka ji iska ce kawai a ciki, kamar wasu manyan mutane da na sani. In ya bushe ya fashe, auduga mai sheƙi ta tashi da irin, iska ta kai shi inda ta ga dama. Ka karya reshe, farin nono ya tsattsafo, kuma in ya shiga ido sai dai addu'a. Duk da haka, wa bai ci moriyarta ba? Sandarta gara ba ta ci, shi ya sa ake rufin rumfa da ita. Ɓawonta ana murza igiya. Audugar ana cusa matashin kai. Matan Fulani da ita suke daskarar da madara su yi cuku, majema da ita suke tuge gashin fata. Iya, mahaifiyata, in ƙaya ta karye wa yaro a ƙafa, ɗigo ɗaya take sa masa, kafin gobe ƙayar ta leƙo, in kumburi ne ta gasa ganyen ta ɗaure. Abu na ƙarshe, kuma shi nake so ku riƙe: saiwarta tana nutsawa ƙasa fiye da yadda kanta ya tashi sama. Ka sare ta, ka ƙone kututturen, damina ɗaya ta ishe ta ta dawo.

Guda ɗaya ta tsaya a bayan ɗakin Mma a gidanmu na Zango. Kun tashi kun gan ta, kun sha duka a kanta, ba ku taɓa sanin dalili ba. Ga dalilin.

Kai Abdu, ba kai ne ɗan fari ba. Shekarar farko ta aurenmu Mma ta sami ciki. Ana shirin kai ta gidan iyayenta ta haihu can kamar yadda aka saba, sai naƙuda ta zo tun cikin bai kai ba. Damina ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Yarinya ce, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Na yi mata huɗuba a kunne, ta yi numfashinta har bayan la'asar, ta koma. Hanyar maƙabarta ta zama kogi. Babanmu ya riga ya rasu, yayana Alhaji Sani yana Kumasi wajen saro goro. Iya ta dube ni ta ce:

"A dā ma irin waɗannan a gida ake ajiye su. Ɗauko fartanya."

Na haƙa a bayan ɗakin. Iya ta fasa tsohuwar tukunyar ruwa gida biyu, muka kifa mata rabi, muka mai da ƙasa. Da Alhaji ya dawo aka ce masa ɓari ne, ya ce Allah ya ba da mai amfani, magana ta wuce. Mma kuwa ba ta ce uffan ba, ranar ko bayanta. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari hoto tun yana ciki kuna nuna wa duniya a waya, ba za ku gane ba. Matan zamaninmu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa kuka a kansa a ji. Kunya ke nan, kuma Mma ta fi kowa. Da damina ta zagayo, iska ta kawo irin tumfafiya ta ajiye daidai kan wurin. Na je zan tuge, ta riƙe mini hannu. Na bar ta. Daga ranar abin da ba ta iya yi wa 'yarta a fili ba, sai ta yi wa itacen.

Shi ya sa da aka haife ka take kiran ka Abdu gatsal, ta goya ka ta zagaya unguwa da kai. Matan da suka zo Zango daga baya suna zunɗen ta, wai Wagadugu ta cire mata kunya. Ba su san ta riga ta biya tata kunyar ba.

Gidan kuwa bai taɓa barin itacen ya huta ba. Matar Alhaji, Hajiya Ladi, kullum ta fito shanya sai ta yi tsaki.

"Ni dai ban sani ba, gidan mutane muke ko kufai? Wa ya taɓa kiwon tumfafiya kamar tunkiya?"

Ranar da kai Isufu ka karya reshe, saboda hannunka ba ya zama, ka shafa a ido, aka wuni ana wanke maka kana ihu kamar ana yanka ka, Alhaji ya fito da adda. Mma, wadda ko gaisuwa sai ta durƙusa take yi masa, ta je ta tsaya tsakaninsa da itacen, kanta a sunkuye. Alhaji ya kira sunanta:

"Hajara, matsa mana."

Ba ta matsa ba. Sai muryar Iya daga cikin ɗaki:

"Sani, mai da addar nan inda ka ɗauko ta. A bar mata."

Washegari Mma ta kewaye ta da zana da ƙaya. Kun ce ta fi son itace da 'ya'yanta. Na ji ku, ina gyaran kabureta a zaure na ji ku.

Sai shekarar rusau ta zo, Iya ta daɗe da rasuwa. Aka ce birni zai yi kyau, za a yi benaye masu gilashi, mu kuwa mun tsaya wa kyau a hanya. Unguwar da kakanninmu suka sauke jakuna, suka gina masallatai, suka haifi rabin 'yan kasuwar garin nan, aka shafa mata fenti a bango kamar ragon da aka yi wa alamar yanka. Ba zan ba ku labarin taruka da hayaniya ba, kuna nan aka yi. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda katafila ke tura bangon da na jingina da shi tun ina yaro, direban yana cin gyaɗa. Alhaji ya tafi sabuwar farsel, filin da aka yanka masa can bayan gari. Ni na ce ba zan iya kai wa mobilet ɗin mutane gyara a daji ba, muka kama haya a Wemtenga. Kuma ku dubi ikon Allah: an kori dubban Musulmi don a yi benaye, aka kewaye filin da kwano, damina ɗaya ta wuce, me ya fito? Tumfafiya. Daga bakin tsohuwar unguwarmu har wajen Tiendpalogo, ita ce ke mulki. Na ce da an gaya mana gonar tumfafiya ake so, ai da mun ba da iri kyauta.

Mma ta daina cin abinci sosai. Kun kai ta asibiti, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Wata rana na dawo da labari, ni da bakina da ba ya rufuwa, na ce an fara haƙa ramin tushen gini a gefen filin, rami mai zurfin da zai haɗiye masallaci. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, ƙasar da suke haƙowa, ina suke kai ta?"

"Kamiyo, manyan motocin nan, ke kwashewa. Ana cike ramukan hanya da ita."

"Motoci su bi ta kai ke nan."

"Haka ne."

Ta daɗe tana juya ƙwaya ɗaya a tire. Sannan ta ce, muryarta kamar ba tata ba:

"Na bar ajiya a gindin itacen nan."

Tun ranar ruwan nan ba ta taɓa matsowa kusa da maganar kamar haka ba. Ban tambaye ta wace ajiya ba.

Na je wurin wani malami Bakano mai sayar da yadi, baƙo ne, bai san gidanmu ba. Na tambaye shi hukuncin ɗauke mamaci in za a wulaƙanta makwancinsa. Ya ce ya halatta. Na sayi farin yadi a hannunsa, ya dube ni, ya ƙi karɓar kuɗin. Ranar wata Juma'a da hantsi, lokacin da leburori ba su da yawa, na tura mobilet zuwa filin. Mai gadi wani dattijo ne Bamoshe, asalin ɗan ƙasar, da sandarsa da butar shayinsa. Ya ce an hana shiga. Na zauna kusa da shi na gaya masa gaskiya da Mosanci, tun daga ruwan har zuwa tukunyar. Shi kaɗai na taɓa gaya wa a duniya, mutumin da ko sunansa ban sani ba. Ya tashi ya shiga bukkarsa ya fito da fartanya.

"Ni ma na bar biyu a ƙauye," in ji shi. "Shiga. Idona yana ciwo yau, ba na gani sosai."

Da na shiga sai kaina ya juya. An haife ni a wurin nan, da ido rufe nake zuwa masallaci, amma ba lungu, ba rijiya, ba bango. Ɓaraguzai da ledoji da tumfafiya ko'ina, duk kamarsu ɗaya. Na yi ta zagaye rana tana dukana, ina zagin waɗanda ban san fuskarsu ba. Sai na tsaya na yi tunani irin na mai aji uku. Duk waɗannan 'yan bana ne, daga iri suka fito, kowace sanda ɗaya ce siririya. Tamu kuwa tsohuwa ce, katafila ta aske mata kai amma ba ta kai ga saiwa ba. Wadda ta tsiro daga tsohon kututture ba ta fitowa ɗaya, a zobe take fitowa, rassa da yawa masu kauri, har ta riga sauran yin 'ya'ya. Na daina neman gida na shiga neman zobe. Can na hango ta, ta fi kowace cika, da 'ya'yanta a rataye. Na tura hannu tsakiya na ji baƙin kututture, har da sawun addar da Alhaji ya taɓa kafta mata kafin Mma ta iso.

Na haƙa ta gefen gabas, ina kare idona daga nonon. Saiwar ta rungume tukunyar kamar hannu, sai da na yanke ta a hankali. Abin da na tarar a ƙarƙashi ba shi da yawa, kuma ba naku ba ne ku ji. Na tattara shi da ƙasarsa cikin farin yadin, na sa a cikin rabin tukunyar, na naɗe da rawanina. Na tsinki busasshen ɗan tumfafiya ɗaya na sa a aljihu. Na miƙa wa dattijon fartanyarsa, muka yi sallama.

Ina fitowa ta tsagar kwanon, rungume da tukunya, wa zai wuce a kan keke? Mamman Rediyo, tsohon maƙwabcinmu, wanda ba a banza aka sa masa sunan ba. Ya ga ƙasa a gwiwata, ya ga abin da na rungume. Ban tsaya ba, na wuce maƙabarta. Kafin in gama mai da ƙasa a can, labari ya riga ni zuwa farsel ɗin Alhaji. Tun muna yara ake cewa babanmu ya binne tukunyar zinariya daga cinikin goro. Mutumin da ya bar mana buta da buzu da tari! Amma mutanen da aka raba da gidajensu suna neman wanda za su kama, kuma katafila ba ta da wuyan riga. Ni ina da shi.

Da na koma gida na ce wa Mma an kai ajiya inda ya kamata. Ta tashi ta ɗora tukunya, ta ci tuwo malmala biyu a gabana. Da aka aiko kira daga gidan Alhaji, ta biyo ni har ƙofa.

"Malam, ban kira ta ba tana numfashi. Kada ka shimfiɗa ta a tsakar gidan Yaya kamar kayan gwanjo, maza na tambaya, mata na leƙe. Gobe kuma a ce ƙashin jariri ka tono don tsafi."

"In suka ce ni ɓarawo ne fa?"

"Kai ka san ba shi ba ne. Ita ba ta da bakin da za ta ce komai."

Na yi mata alkawari.

Na tarar an tara dangi har da limami. Abin da ya ƙona ni, kuma har gobe yana ƙona ni, yayana uwa ɗaya uba ɗaya bai ja ni gefe ya ce ƙanena me ka tono ba. Da ya yi haka, mu biyu, wataƙila da na nemi izinin Mma. A gaban taro ya buɗe baki.

"Ina rabon sauran magada?"

"Yaya, ba zinariya, ba azurfa. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Aka kawo, na dafa.

"To in ba su ba ne, mene ne a tukunyar? Murjani? Tsofaffin kuɗi?"

"Abin da na ɗauka nawa ne."

"Naka? A ƙasar gidan ubanmu?"

"Nawa ne, Yaya."

Hajiya Ladi ta rangaɗa salati daga bayan labule.

"Ashe shi ya sa aka hana sare itacen! Alama ce suka yi, mata da miji!"

Kun ga, rabin maganarta gaskiya ne, shi ya sa ta zauna daram. Na sa takalmina na fita. Daga ranar Alhaji bai ƙara amsa sallamata ba. Sallah ta zo ta wuce, na aika nama aka dawo da shi. Da ya rasu na garzaya tun kafin a gama kuka, don ni ya kamata in zuba masa ruwa, ni na rage masa. Babban ɗansa ya tare ƙofar ɗakin.

"Baffa, an riga an sami masu wanka."

Na tsaya a waje tare da almajiran unguwa da masu kallo, aka wanke ɗan'uwana, mutumin da ya goya ni ya tsallake kwata da ni. Wannan ita ce ribar da na ci.

Su dai 'ya'yan Alhaji ne, abin da aka gaya musu suka riƙe. Ku fa? Kai Abdu, ka tuna yammacin da ka zo rumfata, ka jira masu gyara suka watse, ka rage murya?

"Baba, ko a ɗan taɓa abin nan ne? Tafiyata waje ta kusa, kaɗan ya rage."

Na ce wane abu. Ka yi murmushi irin na waɗanda suka san sirri. Da sifana a hannuna, Allah ne ya riƙe ta. Ke Bintu kin ce wa mijinki babanki marowaci ne mai kwana kan dukiya. Isufu kuwa ya taɓa ɗaga katifata yana neman wai makullin mobilet. Kun ci tuwon baƙin man da ke ƙarƙashin farcena, sannan kuka yarda da Mamman Rediyo. Na yafe muku, tunda dole ce, amma ku bar ni in yi fushina tukuna, ban gama ba.

A ciwonta na ƙarshe, ranar da kuka fita sayo magani, Mma ta ce mini:

"Na sa an zage ka, Malam."

"An zage ni kafin ke, za a zage ni bayanki. Sha kununki."

"In na tafi ka gaya wa yaran. Su san suna da yaya."

To na gaya muku. In kun shiga maƙabarta ta ƙofar da muka shiga da Mma, ku bi bango ta hannun dama har ƙurya. Za ku ga tumfafiya mai zobe. Ni na warware audugar nan da ke aljihuna a wurin, mai kula da maƙabarta yana dariya, wai tunda yake bai taɓa ganin mai shuka tumfafiya ba. Sau da yawa masu share ciyawa sun sare ta, tana dawowa. Kada ku karya reshe, ku kula da idonku, musamman kai Isufu.

Sunanta Rakiya. Ni na raɗa mata shi a kunne ruwa yana dukan kwano, ban sake furta shi ba sai yau. Abin da na tono ke nan. Ku kira 'ya'yan Alhaji, ku maimaita musu, in Hausar ta gagare su ku juya musu da Faransanci, sannan ku je gaba ɗaya ku raba.